Yadda Za Ka Gyara Mahaɗar Bututu Mai Yoyo a Akwatin Kifi na Gida

Masu ajiye kifin ado a gida sun sha aiko mini da tambaya iri ɗaya: ruwa yana ɗiga daga inda bututu ya ratsa gilashin akwati, an ƙara ɗaure noti, an laɓa silikon, wani har da naɗa robar tayar keke, amma gari na wayewa sai a tarar da cikin kabad sharkaf. Ga amsar nan daki-daki. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: yoyon mahaɗa ba ya warkewa ta waje. Sai an rage ruwa, an kwance, an goge, an sake zaunar da ita yadda ya kamata. Aikin hannun bai fi na awa biyu ba, jiran gam ya kama ne ke cin yini.

Mahaɗar da ake magana a kai ita ce wadda masu aikin famfo ke kira bak-not, irin wadda ake sa wa tankin ruwa na roba. Guda uku ce a haɗe: jiki mai tiredi (zaren da noti ke bi idan ana murɗa shi) da leɓe mai faɗi a kansa, washar roba, sai noti. Duk abin da zan faɗa a kan akwatin gilashi yana aiki a kan tankin roba na kiwon tarwada, sai inda na ware.

1. Kashe wuta kafin ka taɓa komai

Cire duk filogi daga bango: injin tura ruwa, fitila, hita, injin iska. Cirewa nake nufi, ba danna makunni kawai ba. Yawancin mutane a cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin akwati suke ajiye soket ɗin wuta, wato daidai inda ruwan ke sauka. Idan soket ɗin ya jiƙe, kashe wutar ɗakin daga babban makunni kafin ka kai hannu, kuma ka tsaya a kan busasshen wuri da takalmin roba.

Hattara: kada ka ce ai an ɗauke wuta. Wutar da aka ɗauke tana iya dawowa hannunka yana cikin ruwa, kuma idan gidan na da inbata ko sola, soket ɗin na nan da ransa.

Idan kana amfani da hita, musamman lokacin hunturu, bar ta cikin ruwa kamar minti 15 bayan ka cire ta daga wuta. Hitar gilashi mai zafi idan ruwa ya janye ya bar ta a fili tana iya fashewa.

2. Gano ainihin inda ruwan ke fitowa

A nan ne akasari ake ɓata. Inda ka ga ɗigo yana faɗowa ba lalle nan ne yoyon yake ba, domin ruwa yana bin jikin bututu ya gangara har sai ya sami lanƙwasa sannan ya ɗiga. Kana iya zargin elbo (gaɓar da bututu ke lanƙwasa) na ƙasa alhali laifin yana can sama da taƙi biyu.

Ɗauki tsumma ka goge komai ya bushe ƙayau, daga gilashi har ƙarshen bututu. Sannan ka yayyaga tishu ka naɗa a kowace gaɓa daban-daban: ɗaya a tsakanin noti da gilashi, ɗaya a inda bututu ya shiga jikin mahaɗa, ɗaya a kowane elbo, bawul da yuniyan (gaɓar da ake murɗewa a raba bututu ba tare da an yanka ba). Ka riƙe tocila ka jira. Tishun da ya fara jiƙewa a can sama shi ne mai gaskiya. Idan ka ƙura ido sosai za ka ga ɗigon yana taruwa a hankali a kan zaren tiredi na farko, ya kumbura, ya sulale zuwa na biyu. A akwatin ruwan gishiri ma ya fi sauƙi, domin za ka ga farin ɓawon gishiri ya yi layi daga bakin yoyon.

Yi wannan gwajin sau biyu. Na farko injin a kashe. Na biyu, bayan ka ɗaga soket ɗin wuta zuwa busasshen wuri, ka kunna injin na ɗan lokaci. Akwai yoyon da ba ya bayyana sai ruwa na gudu da ƙarfi, musamman a bututun da ke mayar da ruwa sama.

Abin da za ka gani ba zai wuce ɗaya daga cikin waɗannan ba:

Ruwa yana fitowa tsakanin noti da gilashi, ko yana bin tiredin da notin ke kai. Wannan laifin washa ne, ko leɓen mahaɗa ya tsage. Bi matakai na 4 zuwa 7.

Ruwa yana fitowa daga inda aka murɗa bututu a cikin mahaɗa. Laifin tiredi ne, mataki na 8.

Ruwa yana tsattsafowa daga gaɓar da aka haɗa da gam. Mataki na 9.

Daga bakin tiyo ne ko daga yuniyan. Mataki na 10, kuma ka yi sa'a.

Wani lokacin kuma babu yoyon ko kaɗan. Idan ruwan akwati ya fi iskar ɗaki sanyi, jikin bututu yana yin gumi, kuma za ka gane shi da cewa duk jikin ne ke yin laima, ba gaɓa ɗaya ba. Haka kuma zaren auduga na tacewa ko wayar da ta rataya a bakin akwati tana iya tsotso ruwa ta sauke shi waje.

Hattara: haska gilashin da ke kewaye da ramin. Idan ka ga siririn layi ya taso daga bakin rami ya nufi gefe, gilashi ne ya tsage, ba mahaɗa ba. Kada ka taɓa notin. Kwashe ruwan nan take zuwa ƙasa da tsagin, ka fitar da kifi, ka nemi mai aikin gilashi. Akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 45 yana ɗaukar lita 243, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Tsagaggen gilashi ba ya riƙe wannan nauyi na dogon lokaci.

3. Auna, sannan ka tafi kasuwa

Kada ka kwance komai sai kayan gyara suna hannunka. Idan yoyon ɗigo ne, ajiye roba a ƙarƙashi ka je ka dawo.

Kayan aiki: bokiti biyu ko uku masu tsabta, durom ko babban baho, tiyo na zuƙo ruwa, ƴar koma ta kama kifi, tsummoki, tishu, tocila, sabuwar reza, zarton ƙarfe, samfefa mai laushi, maka ta jan layi, babbar filaya mai buɗewa, da injin iska mai batir idan da hali.

Kayan sayowa: sabuwar mahaɗa da washarta, farin tef na tiredi, gam ɗin PVC ƙaramin gwangwani, soket ɗin bututu (gaɓar da ke haɗa bakin bututu biyu) guda biyu, yuniyan ɗaya, guntun bututu kamar rabin mita, da maganin kashe sinadarin kulorin idan ruwan famfo kake amfani da shi.

Ta fuskar kuɗi, tef da washa da soket su ne mafi araha, kuɗinsu gaba ɗaya bai taka kara ya karya ba. Mahaɗa da yuniyan sun fi su tsada, gwangwanin gam kuma kusan shi ne mafi tsada a cikin ƙananan kayan, ga shi ɗan kaɗan za ka taɓa. Injin iska mai batir ne kawai zai ɗan taɓa aljihu, amma ba kayan yini ɗaya ba ne, duk mai kifi a inda wuta ba ta da tabbas yana bukatarsa. Idan ka kira mai aikin famfo, ladansa yakan zarce kuɗin kayan duka. Shawarata ita ce ka sayi mahaɗa biyu. Idan ɗaya ta fashe a hannunka da yamma, kifinka na cikin baho, kasuwa ta tashi, za ka san amfanin ta biyun. Ana samun kayan a kasuwannin kayan gini irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Dei-Dei a Abuja, ko Katako a Yamai.

Yanzu batun awo, wanda shi ke sa mutane zarya. Ana kiran bututu da inci a kasuwa, amma kayan akwatin kifi da ake shigowa da su daga China ko Turai galibi da milimita aka yi su: 20, 25, 32, 40. Bututun ma'aunin inci mai suna rabin inci kaurinsa ta waje ya ɗan haura milimita 21, na inci ɗaya kuma ya ɗan haura 33. Ka ga kenan na 32 zai shiga soket ɗin inci ɗaya yana lilo, kuma gam ba ya cike irin wannan giɓi. Tiredi ma iri biyu ne, na Ingila da na Amurka. A ido kamar ɗaya suke, suna ma fara shiga juna, amma kusurwar haƙoransu ta bambanta, ɗaya digiri 55 ɗaya 60, don haka ba sa rufe ruwa da kyau. Mafita ita ce ka tafi da samfur a hannu: guntun bututun, ko tsohuwar mahaɗa idan kana da irinta, ko hoto da awon da ka ɗauka da ma'auni. Ka gwada a gaban mai shago.

Ramin gilashi kuma ya fi sunan mahaɗa girma. Mahaɗar inci ɗaya ta gama-gari tana son rami kamar na milimita 45, masu kauri kuma suna son fiye da haka. Ramin da ke jikin akwatinka shi ke zaɓar mahaɗa, ba kai ba.

Hattara: kada mai shago ya lallashe ka da mahaɗar tagulla ko ta ƙarfe mai rufin zinki wai ta fi ƙarko. Jan ƙarfe da zinki suna narkewa kaɗan-kaɗan a ruwa, suna kashe jatan lande da katantanwa, suna kuma cutar da kifi. Roba kawai.

4. Rage ruwa, ka tanadi kifi

Sai ruwa ya sauka ƙasa da ramin da aƙalla faɗin yatsa uku. Idan ramin a bangon baya yake ta sama, abin da sauƙi: kifi na iya zama a cikin sauran ruwan, ka sa musu iska. Idan a gindin akwati yake amma a cikin ɗan akwatin malala da ke kusurwa, wanda ruwa ke malala cikinsa ta haƙoran bakinsa, sauke ruwan babban akwati zuwa ƙasa da haƙoran malalar, sannan ka zuƙe na cikin ɗan akwatin kaɗai. Idan kuwa a gindi yake a fili, babu makawa sai an kwashe komai, har da yashi da duwatsun da ke kusa da ramin.

Ruwan da ka zuƙo kada ka zubar. Tara na sama mai tsabta a durom kafin ka tayar da laka, domin shi kifin suka saba da shi, kuma shi za ka mayar. A cikinsa za ka ajiye kifin, ka sa dutsen iska da ke haɗe da injin iska, ka rufe bakin bahon da raga ko murfi mai huji saboda tsalle, ka ajiye a inuwa. Kada ka ba su abinci ranar. Kifi lafiyayye yana kwana ɗaya ko biyu ba ci ba tare da wata illa ba, amma kashinsu a ƙaramin baho yana ɓata ruwa da wuri.

Soso da duwatsun cikin matatar ruwa ma ka ciro su ka tsoma a bokitin ruwan akwati, da iska idan zai yiwu. Ƙwayoyin halittar da ke cinye gubar kashin kifi a jikinsu suke zaune. Idan suka bushe, ko suka daɗe a rufaffiyar matata ba iska, sai su mutu, ka gyara yoyo kuma kifi su fara mutuwa bayan kwanaki ka rasa dalili.

Hattara: bokitin da aka taɓa yin wanki da omo a ciki, ko aka zuba fetur ko maganin sauro, ba ya shiga wannan aiki. Kuma kada ka ja ko ka karkata akwati da ruwa a ciki don ka sami wurin sa hannu.

5. Kwance mahaɗar

Ajiye roba a ƙarƙashi, domin akwai sauran ruwa a bututu. Fara raba bututun da mahaɗar. Idan akwai yuniyan, murɗe shi. Idan da gam aka haɗa, yanke bututun da zarto, ka bar aƙalla santimita 5 na miƙaƙƙen bututu a ɓangaren da zai zauna, don ka sami inda soket zai kama daga baya. Riƙe bututun da ɗaya hannun yayin yanka, kada girgizar zarto ta koma kan gilashi.

Sai noti. Wani ya riƙe leɓen ta ciki, kai kuma ka murɗa ta waje. Wasu mahaɗu masu kauri tiredinsu na hagu ne, wato a juye suke ɗauruwa. Duba ko akwai kibiya a jikin notin, ko ka kalli yadda zaren ya kwanta. Idan ka murɗa ka ji yana ƙara tauri, tsaya ka gwada ɗaya ɓangaren.

Idan ya ƙi motsi saboda farar ƙasar ruwa ta kama shi, jiƙa tsumma da ruwan khal ka naɗa masa na rabin awa. Idan har yanzu ya ƙi, yanke notin da tsinken zarto a hankali, ka sa guntun kwali tsakaninsa da gilashi. Guduma da kurfi ba su da wuri a nan.

6. Goge, ka duba

Kankare duk wani tsohon silikon, gansakuka da farar ƙasa daga kewayen ramin, ciki da waje, da sabuwar reza a kwance. Goge da ruwan khal, ka ɗauraye da ruwa, ka busar. Sannan ka shafa yatsa a kewaye idonka a rufe. Duk abin da yatsa ya ji, washa ma za ta ji shi. Ƙwayar yashi ɗaya tak, ko ɓawon ƙaramin katantanwa da ya maƙale ƙarƙashin roba, ya isa ya buɗe wa ruwa hanya.

A akwatin roba mai kama da gilashi ko tankin roba, kada ka yi amfani da reza, tana karce shi. Tsohon katin roba ya wadatar.

Duba tsohuwar mahaɗa don ka san abin da ya faru. Lanƙwasa washar: idan ta yi tauri, ta tsattsage, ko ta baje ta yi fale-fale a gefe ɗaya, ta gama aiki. Duba kusurwar da leɓe ya haɗu da jiki, a nan tsagin ɗaurin wuce kima yake ɓoyewa. Sabuwar ma ka duba ta. Sau da yawa akan sami ɗan tudun layi a ƙarƙashin leɓe, inda ɓangarori biyu na mazubin masana'anta suka haɗu. Kankare shi a hankali har ya yi sumul.

Idan bakin ramin gilashin ya ɗan ɓantare amma washa za ta rufe wurin gaba ɗaya da saura, babu damuwa. Idan ɓantarewar ta kai gefen washa, nemi mahaɗa mai faɗin leɓe.

Hattara: kada ka yi ƙoƙarin faɗaɗa rami ko huda sabo a gindin akwatin da ka saya haɗaɗɗe. Da yawa gindinsu gasasshen gilashi ne, wanda ba ya huduwa, yana taɓuwa sai ya ruguje gaba ɗaya.

7. Zaunar da washa, ka ɗaura noti

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma kurakuran da na fi gani duk a nan suke.

Washa tana zama ne tsakanin leɓe da gilashi. Ba ta zama a ɓangaren noti. Ko leɓen yana ciki ko yana waje, washa tana tare da shi, ko da yake an fi sa leɓen ta cikin ruwa, noti ta waje. Dalili kuwa shi ne, idan ka sa ta a ƙarƙashin noti, ruwa zai shiga ta ƙarƙashin leɓe, ya ratsa ramin, ya bi tiredin ya fito ta tsakiyar noti, washar na zaune ba ta tare komai ba. Ƙari a kan haka, noti yana juyawa, idan ya juya a kan roba sai ya tattare ta. Wannan ne ma ya sa naɗa tef a tiredin noti aikin banza ne. Notin ba ya rufe ruwa, aikinsa kawai ya jawo leɓe ya danne washa.

A bushe ake haɗawa. Ba silikon, ba man shafawa, ba gam. Na san hannu yana ƙaiƙayin a ɗan shafa wani abu don ƙarin tabbaci, amma ɗanyen silikon santsi ne da shi, kana ɗaurewa washar za ta zame ta tsartu waje ta gefe ɗaya. Kuma silikon yana kama gilashi da kyau amma ba ya kama robar mahaɗa sosai, bayan ƴan watanni sai ya saki. Washa biyu a jere ma kuskure ne, ɗaya tana zamewa a kan ɗaya.

Zura jikin mahaɗar ta ramin, ka daidaita shi a tsakiya yadda washa za ta kwanta daidai ta kowane gefe. Mai taimaka maka ya danne leɓen kada ya juya. Kai kuma ka murɗa noti da hannu har ya tsaya. Ɗauki maka ka ja layi a kan notin da gilashin. Sannan da filaya, a hankali, ƙara rubu'in zagaye. Shi ke nan. Layin da ka ja shi zai nuna maka iyakar da ka kai.

Hattara: notin ne ke juyawa, ba jikin ba. Kuma idan ka ga washa ta fara kumburowa tana leƙowa daga ƙarƙashin leɓe, ka wuce gona da iri, sassauta ka sake. Wanda ya ci gaba da ɗaurewa don ya kashe ɗigo ɗaya yana iya tsaga leɓe ko gilashin kansa, garin neman gira a rasa ido.

A tankin roba mai lanƙwasasshen jiki, zaɓi wurin da ya fi shafewa, domin washa ba ta zama daidai a kan doro.

8. Idan tiredi ne ke yoyo

Kwance, ka cire tsohon tef gaba ɗaya da tsohon buroshin haƙori. Haska cikin macen tiredin, domin ita ce ke tsagewa. Tiredin bututu tsukakke ne, yana ƙara kauri yayin da yake shiga, don haka duk zagayen da ka ƙara yana buɗa macen. Idan ta tsage, sai sabuwa.

Riƙe namijin bakinsa na kallonka, ka naɗa tef bin hannun agogo, zagaye uku zuwa huɗu, kana ja yana shiga cikin zaren. Bar zaren farko a buɗe kada guntun tef ya shiga ruwa ya maƙale a injin. Idan ka naɗa a juye, yana shiga tef ɗin zai warware. Murɗa da hannu har ya tsaya, ka ƙara zagaye ɗaya, iyaka biyu. Riƙe jikin mahaɗar yayin da kake yi, kada ya juya ya ɓata zaman washar da ka gama. Idan da hali ma, fara haɗa wannan kafin ka sa mahaɗar a gilashi, muddin noti zai iya wucewa ta kansa.

Hattara: tef mai yawa ba ya ƙara rufewa, yana ƙara kauri da santsi ne, sai ka zarce ba ka ji ba. Idan ka ga tiredi yana bukatar zagaye goma kafin ya kama, ba jinsi ɗaya ba ne, koma kasuwa. Kuma idan ka ɗaure ka dawo da baya don ka daidaita fuskar elbo, ka ɓata rufin, sai ka sake naɗawa.

9. Idan gaɓar gam ce

Gam ɗin PVC ba manne yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya. Saboda haka gaɓar da ta riga ta bushe da rami a cikinta ba ta gyaruwa da shafe ta waje. Yanke ta ka jefar.

Yanka ya zama a miƙe. Kankare gashin bakin da reza, ka ɗan dadashe gefen waje da samfefa don kada kaifinsa ya share gam ɗin yayin shiga. Gwada haɗawa a bushe tukuna, ka ja layi da maka don ka san fuskar da kowane abu zai kalla. Goge ƙura da laima. Shafa gam a jikin bututu sosai, a cikin soket kuma kaɗan, ka tura har ƙarshe kana ɗan murɗawa rubu'in zagaye, ka riƙe daƙiƙa 30, domin yana son turo kansa waje. Goge rarar. A zafin bazara gam yana bushewa kafin ka ankara, don haka gaɓa ɗaya-ɗaya za ka yi, da sauri.

Tunda ka riga ka yanke, sa yuniyan a ƙasan mahaɗar. Gobe idan wani abu ya taso, murɗewa kawai za ka yi.

Hattara: baƙar mahaɗa sau da yawa robar ABS ce, ba PVC ba. Karanta jikin gwangwani ka tabbata gam ɗin yana kama duka biyun. Buɗe tagogi, warinsa yana hawa kai kuma yana kama wuta, sannan ka nisanta shi da bahon kifi da injin iska, kada injin ya zuƙi warin ya tura cikin ruwa. Ba shi awa 24 kafin ruwan kifi ya bi ta ciki, ka fara ɗauraye bututun da ruwan da za ka zubar.

10. Tiyo da yuniyan

Bakin tiyo yana buɗewa ya yi tauri da daɗewa. Yanke santimita 2 ko 3, ka tsoma sabon bakin a ruwan zafi na minti ɗaya, ka tura har ya haye duk haƙoran, ka ɗaure da kilif a bayan haƙori na farko. Kilif ɗin da zai zauna cikin ruwa ya zama na roba.

Yuniyan kuma zoben roba ne a cikinsa. Ciro shi, wanke ramin da yake kwanciya, ka canza shi idan ya baje. Shafa masa man silikon kaɗan, ka ɗaure da hannu. Kada ka sa man Vaseline ko girisin mota, suna kumbura roba. Haka ake yi wa zoben murfin matatar da ke zama a waje.

11. Tallafe bututun

Bututu cike da ruwa, ga bawul, ga elbo, duk suna rataye a wuyan mahaɗa, a hankali sai su karkatar da ita washa ta ɗaga ta gefe guda. Kafa kilif ɗin bututu a jikin kabad ya ɗauki nauyin. Bututun ya zo bakin mahaɗa da kansa, ba sai ka tanƙwaro shi da ƙarfi ba. Tsakanin injin da sandararren bututu kuma ka sa guntun tiyo mai laushi ya shanye girgiza. Duk lokacin da za ka murɗa bawul, riƙe bututun da ɗaya hannun.

12. Gwaji

Mayar da ruwa har ya haura leɓen mahaɗa da faɗin yatsa biyu, ka tsaya. Naɗa sabon tishu, ka jira rabin awa. Idan ya jiƙe, ƙara wa noti ɗan motsi kaɗan, rabin abin da ka ƙara ɗazu, ka canza tishu. Idan ya sake jiƙewa, kada ka ƙara. Sauke ruwa ka kwance, akwai abin da ke ƙarƙashin washa ko ta karkace.

Idan ya zauna a bushe, cika akwatin, ka mayar da wayoyi. Kowace waya ta yi lanƙwasa ƙasa da soket kafin ta hau, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a ƙasa, soket ɗin kuma a kafe shi sama a jikin kabad. Kunna injin, ka bi gaɓoɓin da tocila ɗaya bayan ɗaya.

Saura gwaji ɗaya da bai kamata wanda ke zaune inda ake yawan ɗauke wuta ya tsallake ba. Idan kana da tankin tacewa a ƙasa, kashe injin kana tsaye, ka kalli yadda ruwa ke komowa cikinsa. Dole ya tsaya kafin ya cika. Idan yana ta hauhawa, bututun mayar da ruwa ne ke zuƙowa ta baya. Ɗaga bakinsa kusa da saman ruwa, ko ka huda masa ƙaramin rami kaɗan ƙasa da saman ruwan don iska ta shiga ta katse zuƙar. Mutane da yawa da ke kukan yoyon dare, wannan ne ke jiƙa musu ɗaki.

13. Mayar da kifi

Mayar da soso da duwatsun matata tukuna. Ruwan da za ka cike giɓi da shi, idan na famfo ne, sa masa maganin kulorin gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbar. Na rijiya ko na burtsatse kuma ka bar shi ya sha iska, zafinsa ya daidaita da na ɗaki. Ruwan tankin da ya yini a rana kan rufi yana iya yin zafin da zai kashe kifi, taɓa shi kafin ka zuba.

Riƙa ɗibar ruwan akwati kofi-kofi kana zubawa a bahon kifin na kamar minti 20, sannan ka kwashe su da koma ka saka. Bar fitila a kashe ranar, abinci kuma sai washegari, shi ma kaɗan.

Shimfiɗa busasshen kwali ko jarida a ƙarƙashin mahaɗar, ka riƙa dubawa safe da yamma har mako guda. Sabuwar washa takan ɗan kwanta a kwanakin farko, don haka a rana ta biyu ko ta uku ka gwada notin da hannu kawai. Idan ya motsa, kai shi inda ya tsaya ka bar shi.